Ali Da Tyson: Ba A Yanke Wannan Musu Da Bidiyon Minti Biyu

Wani saurayi ne ya miƙo mini wayarsa a gidan kallo, ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci. Bidiyo ne ɗan gajere, an harhaɗa kashe-kashen Mike Tyson. Wannan ya faɗi, wancan ya kife, wani ya tashi yana tangaɗi ya sake zubewa. Da ya ƙare sai ya ce, "Baba, don Allah ku daina haɗa wannan da Muhammad Ali. Ai Ali rawa kawai ya iya, turmi uku ba zai kai ba." Na kusa da shi ya karɓe da cewa su duka biyun yara ne a gaban Tyson Fury, ƙaton ɗan damben Birtaniya, wai tsawonsa kaɗai ya ishe su.

Ba zaɓin Tyson ne ya ɓata mini rai ba, kowa da gwaninsa. Hujjar ce ta dame ni. Irin wannan bidiyo tamkar tallan mai magani ne a kasuwa, waɗanda suka warke kaɗai yake lissafa maka. Ba za ka ga daren da naushin ya ƙi ci ba, ba za ka ga turmi na goma ba lokacin da ƙafa ta yi nauyi.

Ga matsayina tun da wuri. Ali na 1966 zuwa farkon 1967, kafin a ƙwace masa kambu saboda ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam, zai doke Tyson na 1988. Zai kuma doke Fury. Kuma ba sai mun yi ta zato ba, domin zamunan damben masu nauyi sun sha gogar juna a fage, an ga abin da ya faru. Masu cewa ba a kwatanta zamani da zamani su ma ban yarda da su ba. Ana kwatantawa, in dai an yi tambayar yadda ya kamata.

Da dokar wane zamani za a kara?

Duk wanda ya ba ka amsa bai fara tambayarka wannan ba, surutu yake yi.

A zamanin Joe Louis da Rocky Marciano da Ali, damben kambu turmi 15 ne. A Nuwamban 1982 wani ɗan damben Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya rasu bayan karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, inda aka kayar da shi a turmi na 14. Daga nan hukumar dambe ta duniya, WBC, ta rage zuwa 12, sauran suka bi baya kafin ƙarshen shekarun 1980. Turmi uku ne kawai aka cire, amma dubi abin da ke cikinsu.

A Yunin 1941 Louis ya kara da Billy Conn, ɗan siririn mutum da bai kai kilo 80 ba. Da aka gama turmi na 12, alƙalai biyu sun ba Conn rinjaye, na ukun ya ce kunnen doki. Conn ya ga ya samu, ya bar gudu ya tsaya musayar naushi, Louis ya shimfiɗe shi a turmi na 13 ana saura daƙiƙa biyu a kaɗa ƙararrawa. Da dokar yau ce, da Conn ya tafi gida da kambu.

Marciano kuwa, wanda ake tinƙaho da shi cewa ya yi dambe 49 ba a taɓa doke shi ba, a Satumban 1952 Jersey Joe Walcott ya kai shi ƙasa tun a turmin farko, ya kuma sha gabansa a takardun alƙalai duka uku. A turmi na 13 Marciano ya saki dama guda ɗaya a haɓa, Walcott ya sulale jikin igiya. A cire waɗannan turame uku, babu zancen 49 babu faɗuwa.

In aka ƙara komawa baya abin ya fi haka. Jack Johnson ya rasa kambunsa a hannun Jess Willard a Habana a 1915, a turmi na 26 cikin 45 da aka tsara, da rana tsaka. A 1919 Jack Dempsey ya kayar da Willard sau bakwai a turmin farko, kuma a lokacin babu dokar komawa kusurwa. Tsayawa yake a kansa, da zarar gwiwarsa ta bar ƙasa ya ƙara masa. Safar hannun ma ta wancan zamani ta fi ta yau ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ga kuma rafali. Ali gwanin riƙo ne, ya iya saƙalo wuyan mutum ya danna kansa ƙasa har ya huce. A karawarsa ta biyu da Joe Frazier a Janairun 1974 ya yi ta yin haka, rafali ya zuba ido. Wani rafalin na yau zai iya zabge masa maki. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta goyon bayana.

To ni na amince a kara a turmi 12, da safar yau, da rafalin yau. Na ba Tyson filinsa, domin shi bai taɓa wuce turmi 12 ba a rayuwarsa. Har yanzu Ali nake ba.

"Ai na yanzu sun fi girma"

Sun fi girma, babu musu. Marciano da Dempsey a kusan kilo 85 suke dambe. Louis kusan 90. Da a yau ne, da ba ma a ajin masu nauyi za a sa Marciano da Dempsey ba, akwai aji na ƙasa da shi wanda iyakarsa kilo 90 da ɗoriya, an ƙirƙire shi ne a 1979. Lennox Lewis ya auna kilo 113 ranar da ya kara da Tyson. Fury yana kai 120 har ya wuce.

Saboda haka ba zan tsaya ina kare Marciano a gaban Lewis ba. Mutum mai gajeren hannu, mai saurin fashewar fuska, da giɓin kusan kilo 30, a gaban ƙato wanda ya iya dambe? Zuciyarsa za ta kai shi wasu turame, amma ba za ta ƙara masa tsawon hannu ba. Inda ƙwarewa ta zo ɗaya, girma yana raba gardama.

Sai dai Ali ba Marciano ba ne. Tsawonsa santimita 191, nauyinsa a 1966 kusan kilo 96, ranar karawarsa da George Foreman a Kinshasa a 1974 kusan 98. Yanzu a duba mutumin da ya share ajin masu nauyi na wannan zamani, Oleksandr Usyk ɗan Yukiren. Tsawonsa santimita 191. Tsawon hannuwansa in ya ware su daidai da na Ali. Nauyinsa kilo 100 zuwa 102. Daga ƙaramin aji ya hauro.

Wannan mutum mai girman Ali ya doke Anthony Joshua sau biyu, a Landan a 2021 da Jidda a 2022. Ya doke Fury sau biyu a Riyad a 2024. A karon farko, a watan Mayu, Fury ya ɗara shi da kusan kilo 18, amma a turmi na tara sai ga ƙaton yana layi daga wannan igiya zuwa waccan, igiyar ce ta hana shi zubewa har rafali ya yi masa ƙirge. Da me Usyk ya yi wannan aiki? Da ƙafa, da numfashi, da saurin hannu, da karanta abokin karawa. Su ne kayan aikin Ali, kuma Ali mai shekara 24 ya fi Usyk mai shekara 37 sauri.

Ba shi kaɗai ba ne. Deontay Wilder kilo 96 ya auna a Disamban 2018 ranar da ya kai Fury ƙasa sau biyu. Steve Cunningham, shi ma daga ƙaramin aji, ya shimfiɗe Fury rigingine a turmi na biyu a 2013, kodayake Fury ya tashi ya ci damben. Francis Ngannou na Kamaru ƙato ne, amma bai taɓa damben boksin na ƙwararru ba sai ranar da ya kayar da Fury a turmi na uku a 2023. Ina girmama Fury, tashin da ya yi a turmi na 12 a gaban Wilder abu ne da ba kowa ke iyawa ba. Amma mai faɗuwa haka ba shi ne dodon da zai cinye tarihi duka ba.

Kuma ƙatti ba yau aka fara su ba. Willard kilo 111 ne. Primo Carnera ya kai kilo 118, Louis mai kilo 89 ya gama da shi a turmi na shida a 1935. Buddy Baer, mai kilo 113, ko turmi ɗaya bai kai ba a karawarsu ta biyu da Louis a 1942. Za a ce waɗannan ƙattin ba su iya dambe kamar na yanzu ba. Na yarda da rabin maganar, zan dawo kanta in na zo ga Lewis.

Tsofaffi biyu da suka ƙi tafiya

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce George Foreman. Ali ya kashe shi a turmi na takwas a Kinshasa ranar 30 ga Oktoban 1974. A 1977 ya ajiye dambe ya koma wa'azin coci, shekara goma bai sa safar hannu ba. Ya dawo a 1987 da tumbi da sanƙo, mutane suna dariya.

A Afrilun 1991, yana da shekara 42, ya yi turmi 12 cur da Evander Holyfield mai shekara 28, an ci shi da maki amma ba a kai shi ƙasa ba. A Nuwamban 1994, yana da shekara 45, ya kara da Michael Moorer, matashin da ya ƙwace kambu a hannun Holyfield. Turmi tara Moorer yana dukansa. A na goma Foreman ya tura hagu, ya bi da wata gajeriyar dama wadda in ba ka lura ba ba za ka ce ta kai abin kisa ba. Moorer ya kwanta yana kallon sama, aka ƙirga goma. Shekara 20 bayan Kinshasa ke nan.

Larry Holmes ma haka. Yaron Ali ne a fagen atisaye kafin ya zama zakara. A 1992, yana da shekara 42, ya koya wa Ray Mercer dambe, alhali Mercer ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1988 kuma ba a taɓa doke shi ba kafin ranar. Wata huɗu bayan haka shi ma ya kai Holyfield turmi 12.

Shekarun 1990 ba zamanin ragwaye ba ne, da Holyfield da Lewis da Riddick Bowe da Tyson duk suna nan. In ragowar mutanen shekarun 1970, bayan sun tsufa sun yi nauyi, suka iya tsayawa a cikinsu har ɗaya ya ɗauki kambu, to wa zai ce mini da ƙuruciyarsu ba za su iya ba?

"Tyson ya kashe waɗanda suka doke Ali"

Wannan ita ce hujjar da masoyan Tyson suka fi so. Holmes ya doke Ali a 1980, Tyson ya kashe Holmes a turmi na huɗu a 1988. Trevor Berbick ya doke Ali a 1981, Tyson ya yi wa Berbick kaca-kaca a turmi na biyu a 1986. Shi ke nan, wai an gama magana.

Ali yana da shekara 38 ranar Holmes, saura wata ɗaya ya cika 40 ranar Berbick, maganarsa ma ta fara sarƙewa. Bai kamata a bar shi ya hau fage ba. Holmes kuma shekararsa 38 da ya gamu da Tyson, bayan kusan shekara biyu yana zaune. In da haka ake lissafi, to Kevin McBride, wanda ya sa Tyson ya ƙi tashi daga kujera a 2005, shi ne gwanin gwanaye. Kai, har Jake Paul, ɗan YouTube da ya ci Tyson mai shekara 58 da maki a 2024, sai a naɗa shi sarki.

Ko da ƙuruciyar ma wannan lissafi ba ya aiki. Frazier ya doke Ali a Maris ɗin 1971. Foreman ya kayar da Frazier sau shida cikin turmi biyu a Kingston a 1973. Ken Norton ya karya wa Ali muƙamuƙi a shekarar, ya ci shi. Foreman ya gama da Norton a turmi na biyu a Karakas a 1974. Duk mai lissafi ya ce Ali zai mutu a Kinshasa, har na kusa da shi suna tsoro. Sai ya jingina da igiya ya bar Foreman ya zazzage ƙarfinsa, yana yi masa raɗa a kunne yana tsokanarsa, sannan ya kwantar da shi. Salon wani maganin wani ne, salon wani kuma gubar wani.

Ba irin wannan lissafi na yi da Foreman da Holmes a sama ba. Ban ce wane ya ci wane don haka zai ci wane ba. Cewa na yi mutum guda ya yi dambe a zamani biyu, an ga bai zama abin wasa a na biyun ba.

To, shi Tyson ɗin fa?

A ba shi haƙƙinsa. Zakara mafi ƙarancin shekaru a tarihin ajin, yana da 20. Michael Spinks, wanda ba a taɓa dokewa ba, daƙiƙa 91 ya yi a gabansa a Yunin 1988. Gajere ne, santimita 178, amma yana shigowa yana kaɗa kai hagu da dama, safar hannu a kumatu, naushinka ya wuce ta saman kansa, kafin ka janye hannu ya dasa maka ɗaya a haƙarƙari ɗaya a ƙasan haɓa. Kocinsa Cus D'Amato ya ƙera shi da kyau.

Kuma masoyansa suna da hujja guda ta gaske, ko da yake ba kasafai suke kawo ta ba. Lanƙwasasshen naushin hagu shi ne lagon Ali. Da shi Sonny Banks ya kayar da shi a 1962. Da shi Henry Cooper ya zaunar da shi a jikin igiya a Wembley a 1963, ƙararrawa ta zo masa a kan gaɓa. Da shi Frazier ya shimfiɗe shi a turmi na 15 a 1971. Ali yana sakin hannun damansa ƙasa, yana kuma ja da baya a miƙe, abin da kowane koci ke hana yaro tun ranar farko. Tyson yana da wannan hagu, ya kuma fi Frazier saurin kama wuta. Turmi huɗun farko za su yi wa Ali zafi ƙwarai. Ba zan yi mamaki ba in ya faɗi sau ɗaya.

Tambayar ita ce, in ya faɗi ya tashi, sai kuma me?

Ali ya tashi a gaban Banks ya ci. Ya tashi a gaban Cooper ya ci a turmin da ya biyo. A gaban Frazier ya miƙe kafin a ƙirga huɗu, da kumburarren muƙamuƙi, ya ƙarasa damben a tsaye. Ya sha naushin Sonny Liston, da na Foreman, da na Earnie Shavers turmi 15 a 1977, mutane uku da kowane jerin masu nauyin hannu ke sakawa a sahun gaba. Ba a taɓa ƙirga masa goma ba. Sau ɗaya aka tsayar masa da dambe a cikin 61, ranar Holmes, shi ma kocinsa Angelo Dundee ne ya ce ya isa.

Tyson kuwa bai taɓa cin damben da aka kai shi ƙasa a cikinsa ba. Kuma a duk kashe-kashensa, guda ɗaya ne ya zo bayan turmi na bakwai, na Jose Ribalta a turmi na goma a 1986. Frazier yana ƙara zafi ne in dare ya yi nisa, shi ya sa ya zame wa Ali bala'i har karawarsu ta ƙarshe a Manila. Tyson raguwa yake yi. Kan ya daina kaɗawa, ya koma neman naushi ɗaya, in aka rungume shi ya yarda a huta tare.

Tun a shekarun da ake kira ganiyarsa an ga haka. James Tillis ya yi ta zagaya shi har turmi goma a 1986. Bonecrusher Smith ya ƙanƙame shi turmi 12 a 1987. Tony Tucker, dogo mai miƙaƙƙen hagu, shi ma ya kai 12 a shekarar. Duk Tyson ya ci su, amma sun nuna hanya. Ba su da abin ƙarasawa ne kawai.

Buster Douglas ne ya ƙarasa, a Tokyo, 11 ga Fabrairun 1990. Dogo ne, yana motsi, yana tura hagu ya bi da dama, in Tyson ya matso ya riƙe shi. Sama da duka bai ji tsoro ba, mahaifiyarsa ta rasu makonni uku kafin ranar, ya zo da abin da ya fi tsoro nauyi. Tyson ya kayar da shi a turmi na takwas, ya tashi. A na goma sai ga Tyson yana rarrafe yana lalubar robar bakinsa a ƙasa, ya tura ta a karkace, aka gama ƙirge.

Za a ce ai wannan ba Tyson na gaskiya ba ne, D'Amato ya rasu tun 1985, an kori kocinsa Kevin Rooney, rayuwarsa ta hargitse, bai yi atisaye ba. Duk gaskiya ne. Amma shekararsa 23 a ranar. In ganiyar mutum ba ta wuce shekara biyu zuwa uku ba, kuma ta watse ranar da aka fara mayar masa da martani, wannan ma wani abu ne da ake sakawa a sikeli. Duk abin da Douglas ya yi a daren nan guda, Ali ya fi shi iyawa, kuma shi kullum yake yi. A kalli karawarsa da Cleveland Williams a Houston a Nuwamban 1966, a ga mutum mai kilo 96 yana yawo kamar ɗan ƙaramin aji, yana jefa naushi yana ja da baya kuma naushin yana kayarwa. A wannan shekara kaɗai sau biyar ya kare kambunsa.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya nunawa. Rabin abokan karawar Tyson a ɗakin sauya kaya suke faɗuwa. Ali kuwa shi ne ya je har gidan Liston da tsakar dare da mota yana yi masa ihu, lokacin da duniya duka ke tsoron Liston. Holyfield bai ji tsoron Tyson ba, ya tsayar da shi a turmi na 11 a 1996, a karo na biyu kuma haƙorin Tyson a kunnen Holyfield ya sauka. Hasashena, Ali da maki mai faɗi, ko rafali ya shiga tsakani wajen turmi na 10 ko 11.

"A sa wa kwamfuta ta raba"

An taɓa yi. A 1967 wani ɗan rediyo a Amurka, Murray Woroner, ya zuba bayanan tsofaffin zakaru a kwamfuta ya haɗa musu gasa. Kwamfutar ta ce Jim Jeffries, zakaran farkon ƙarni na 20, ya fitar da Ali. Ali ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan ɗaya. Aka sasanta da cewa zai fito a ɗauki hoton dambensa da Marciano, wanda ya rage ƙiba ya sa gashin kanti don ya yi kama da da. Aka ɗauki ƙarshe iri-iri. Da aka nuna a Janairun 1970, 'yan kallo a Amurka sun ga Marciano ya yi kisa a turmi na 13, daga baya aka nuna wa Turai wani ƙarshen da Ali ya ci. Na'ura abin da aka ɗura mata take amayarwa, ta jiya da ta yau.

Wasu kuma cewa suke dattawanmu suna son Ali ne don ya musulunta, don ya zo Ghana da Najeriya da Masar a 1964 aka yi ta ɗaga shi. Ƙaunar tana nan, ba a ɓoye take ba. Amma shi ma Tyson ya musulunta, an ga hotunansa a Makka da harami. Wannan ba ta raba su.

Inda musun yake da wuya

Akwai ƙorafi ɗaya mai nauyi. A zamanin Ali 'yan Tarayyar Sobiyat da Kyuba ba sa damben kuɗi. Teofilo Stevenson na Kyuba ya ci zinare uku a Olamfik, 1972 da 1976 da 1980, aka yi masa tayin maƙudan kuɗi ya kara da Ali ya ƙi. Da aka buɗe ƙofa sai ga su Vitali da Wladimir Klitschko 'yan Yukiren, sai ga Usyk. To ashe Ali zakaran rabin duniya ne?

Ban raina wannan ba. Amma Frazier ya doke ɗan Sobiyat a kan hanyarsa ta cin zinare a Tokyo a 1964, Foreman ya tsayar da wani a wasan ƙarshe a Meziko a 1968. Ba wai ba a taɓa gwadawa ba ne. Kuma abin da aka samu ta gabas an rasa shi ta yamma, domin ƙattin samarin Amurka da a da za su shiga dambe yanzu ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka suke tafiya, can kuɗi yake ba tare da an fasa maka hanci ba.

Wladimir ba ya ba ni tsoro a kan Ali. Ya daɗe yana mulki, daga 2006 zuwa 2015, amma namu Samuel Peter ɗan Najeriya ya kai shi ƙasa sau uku a 2005 duk da Peter ɗin ne ya faɗi da maki, kuma da Fury ya yi masa motsi da yaudarar kafaɗa a Jamus a 2015 sai ya kasa sakin hannu. Wanda motsin Fury ya daskarar, na Ali fa?

Lennox Lewis ne matsalar. Santimita 196, kilo 110 da wani abu, doguwar hagu, dama mai kisa, ga natsuwa, musamman bayan ya koma hannun koci Emanuel Steward. Ali ya yi wasa da Ernie Terrell mai santimita 198 har turmi 15 a 1967, amma Terrell ba shi da nauyin Lewis balle ƙarfinsa. Sau biyu aka doke Lewis, Oliver McCall a 1994 da Hasim Rahman a Afirka ta Kudu a 2001, duka da dama guda ɗaya, kuma duka ya rama. Ali ba mai kisa da naushi ɗaya ba ne, dole ya tara maki, kuma Norton ya nuna cewa mai tura masa hagu a lokacin da yake tura tasa yana dagula masa lissafi. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Mercer, wanda bai kai Lewis tsawo ba, ya yi ta samun sa da hagu a 1996 har aka sha da ƙyar. In za su kara sau biyar, zan ba Ali uku, Lewis biyu, kuma ba zan yi faɗa da wanda ya juya lissafin ba.

Saura Usyk, kuma a ganina wannan ce karawar da ya kamata samari su riƙa musu a kai maimakon ta Tyson. Girma ɗaya, tsawon hannu ɗaya, dukansu ba sa gajiya, dukansu da kai suke dambe. Usyk bahago ne, kuma bahago ya taɓa wahalar da Ali. Karl Mildenberger ya kai shi har turmi na 12 a Frankfurt a Satumban 1966, yana ta shigar masa ta inda bai saba ba, kafin rafali ya tsayar. Usyk ya fi Mildenberger ta kowace fuska. Wurin da ake ganin Usyk ba ya so a taɓa shi ne ciki, kamar yadda aka gani ranar da naushin Daniel Dubois ya durƙusar da shi a 2023 rafali ya ce ƙasa da ɗamara ne. Ali kuwa kusan ba ya dukan ciki, kai yake nema.

Abin da zai raba su shi ne miƙaƙƙiyar dama ba tare da share fage da hagu ba, wadda ita ce maganin bahago. Da ita Ali ya yi ta samun Mildenberger, ya kai shi ƙasa sau uku, da ita kuma ya buɗe wa Foreman wuta a turmin farko a Kinshasa. Usyk yakan ɗauki turmi uku zuwa huɗu yana karatun mutum kafin ya hau kansa, kuma waɗanda ya saba karantawa duk sun fi shi nauyin ƙafa. Ranar da ya gamu da wanda ya riga shi isa wurin, waɗannan turamen farko sun tafi, kuma a dambe mai turmi 12 ba shi da isasshen lokacin biyan bashin. Ali da maki, alƙalai biyu da ɗaya.